Tiga Ce Ko Fari? Tambayar Da Kogin Jama'are Zai Amsa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja, ko ya taɓa zama cikinta har ya saurari hirar dattawa, ba zai rasa jin wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ba. Gardamar kuwa ita ce, mene ne ya rage ruwan fadama? Wasu su ce madatsar ruwa ta Tiga ce, domin tun da aka tare Kogin Kano a 1974 ruwa bai sake malala yadda ya saba ba. Wasu su ce a'a, fari ne, ai kowa ya san irin farin da aka yi a 1973 da wanda ya biyo baya a 1984, kuma ba gwamnati ke saukar da ruwan sama ba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kowa kuma yana rantsuwa da abin da idonsa ya gani. Ni ɗan wannan ƙasa ne, na girma ina jin wannan muhawara a ƙofar gida da bakin kasuwa, amma sai da na zo jami'a muka shiga darasin dabarun bincike sa'an nan na san cewa masana sun daɗe da fito da hanyar tunkarar irin wannan tambaya. Abin da na ke so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai ke nan a wannan fitowa ta mujallarmu, da fatan malamanmu za su miƙe inda ya karkace.

Kafin mu yi nisa, bari in kwatanta wa mai karatu wurin, domin ba kowa ya san shi ba. Kogin Kano da Kogin Calawa su ke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Daga nan ya gangara gabas ya shiga ƙasar rairayi, inda babu gangare sosai, sai ya rarrabu ya zama rassa. Ɗaya daga cikinsu, watau Marma, ya nufi tafkin Nguru. Daga kudu kuma ga Kogin Jama'are, wanda ya taso daga duwatsun Jos ya ratso ƙasar Bauchi. Ruwan kogunan nan biyu ya kan haɗu kafin Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya tafi Tafkin Cadi. Tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa nan ne babbar fadamar ta ke. Idan kogi ya kawo wajen watan Agusta da Satumba, sai ruwa ya bazu ko'ina, manomi ya sami shinkafa, masunci ya sami tarwaɗa da karfasa. In ruwa ya janye a shuka wake a kan damshin da ya bari, Bafillace kuma ya sauko da shanunsa. Watau ruwa ɗaya, cin abinci uku ko huɗu. Saboda haka tambayar abin da ya rage shi ba tambayar ɓata lokaci ba ce, maganar tuwon mutanen Auyo da Kirikasamma da Guri ce.

To, yaya a ke gane cewa abu kaza shi ya jawo abu kaza? Hanya mafi inganci ita ce gwaji, domin Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Wanda ya taɓa leƙa gonakin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko reshenta da ke Kadawa, ya ga yadda a ke yi. A kan raba fili ɗaya zuwa ƙananan fangali masu yawa, a shuka iri ɗaya rana ɗaya, sa'an nan a jefa ƙuri'a a kan waɗanda za a sa wa taki da waɗanda za a bari. Ƙuri'ar nan ita ce asirin aikin. Da mutum ne zai zaɓa, da wataƙila idonsa ya kai shi inda ƙasa ta fi kyau ko da bai yi niyya ba, amma ƙuri'a ba ta da ido. Idan kaka ta yi aka auna aka ga masu taki sun fi, to babu abin da za a jingina wa bambancin sai takin. Wani Baturen Ingila, Ronald Fisher, shi ya tsara wannan hanya a gonar gwaji ta Rothamsted a shekarun 1920.

Amma fa kogi ba fangali ba ne. Ba wanda zai tara koguna ashirin ya jefa musu ƙuri'a ya ce a datse goma a bar goma. Haka nan ba za a raba yaran gari biyu a hana rabi makaranta don a ga amfanin karatu ba. Ko da zai yiwu, imani ba zai bari ba. Yawancin tambayoyin da suka shafi zaman jama'a haka su ke. To, rashin uwa a kan yi uwar ɗaki. A 1963 wasu masana biyu na Amurka, Donald Campbell da Julian Stanley, suka wallafa wani nazari da ya yi fice, inda suka tsara hanyoyin da mai bincike zai bi idan ba shi da ikon jefa ƙuri'a. Da ya ke ban tarar da sunan da aka tsayar wa wannan hanya a Hausa ba, ni na kan kira ta kwatankwacin gwaji. Ma'anarta a taƙaice ita ce: abin ya riga ya faru, ba kai ka shirya shi ba, amma ka nemo wani wuri ko wasu mutane masu kama da waɗanda abin ya shafa, waɗanda su bai shafe su ba, ka gwama. Sa'an nan ka zauna ka lissafa duk wani dalili na dabam da zai iya kawo bambancin da ka gani, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana kawarwa. Wanda ya ƙi kawuwa, ka faɗa wa mutane gaskiya cewa yana nan.

Tun kafin a raɗa wa hanyar suna an yi aiki da ita, kuma abin sha'awa, a kan ruwa ne. A 1854 annobar kwalara ta afka wa birnin Landan. Likitocin zamanin galibi sun ɗauka mugunyar iska ke kawo ta, amma wani likita, John Snow, ya zargi ruwan sha. Ba zai shayar da mutane gurɓataccen ruwa don gwaji ba, sai ya lura cewa a kudancin birnin kamfanoni biyu ke sayar da ruwa a unguwanni ɗaya, har a kan sami maƙwabta biyu kowa da kamfaninsa. Ɗaya kamfanin, mai suna Lambeth, ya riga ya matsar da wurin ɗibar ruwansa can sama da gari a 1852, ɗayan kuwa yana ɗiba a inda ƙazantar gari ke zuba cikin kogi. Snow ya bi gida-gida yana tambaya. A makonni bakwai na farkon annobar, cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan ƙasan gari mutum 315 suka mutu, masu shan na Lambeth kuwa 37. Iska ɗaya su ke shaƙa, titi ɗaya su ke bi, ruwa ne kaɗai ya raba su. Snow bai shirya gwaji ba, ido ya sa ya ga wanda ƙaddara ta shirya.

Yanzu mu komo gida. Mai cewa Tiga ce, hujjarsa ita ce kafin 1974 akwai ruwa, bayan 1974 ya ragu. Wannan shi ne mafi raunin kwatankwacin gwaji, watau duba wuri ɗaya kafin da bayan. Rauninsa kuwa shi ne duk abin da ya faru a daidai wannan lokaci yana iya zama shi ne mai laifin. A nan faɗuwa ta zo daidai da zama: an gina Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1971 zuwa 1974, daidai shekarun da fari ya game ƙasashen Sahel tun daga Senegal har Habasha. Mai cewa fari ne shi ma a rami ɗaya ya ke, domin hujjarsa ita ce kafin fari akwai ruwa, bayan fari ya ragu. Muddin Kogin Haɗeja kaɗai a ke kallo, za a shekara ɗari ana gardama ba wanda zai kayar da wani, kuma ana iya barin jaki a yi ta dukan taiki.

A nan ne Kogin Jama'are ya shigo. Farin da ya sami Kano ya sami Bauchi, amma shi Jama'are ba a datse shi ba. An shirya gina madatsar Kafin Zaki a kansa, an fara aikin an tsayar ba sau ɗaya ba, har yau kuwa ba a kammala ba. Ashe ke nan muna da koguna biyu masu zuba a fadama ɗaya, fari ya bugi duka biyun, madatsa ta sami ɗaya. Lissafin ba shi da wuya. A ce mutum yana da rumbu biyu, kowanne dami 100, gara ta shiga duka biyun, amma ɗaya ne kaɗai ɓarawo ke ziyarta. Da bazara ya tarar da 80 a na farko, 50 a na biyu. Ba zai ce ɓarawo ya kwashe 50 ba; zai ce gara ta ci 20 a kowanne, ɓarawo ya ɗauki 30. Haka za a yi da kogunan: a duba yadda ruwan Jama'are ya ragu tsakanin shekarun kafin 1974 da na baya, wannan rabon fari ke nan, a duba na Haɗeja a ma'aunin Wudil, abin da ya ɗara, shi za a tuhumi madatsa da shi. Masana tattalin arziki suna kiran wannan bambancin bambance-bambance, kuma yana cikin dabarun da suka sa David Card ya sami kyautar Nobel a 2021.

Akwai kuma wata alama da ba ta bukatar ma'auni, wadda a wurin kawuna na fara jin ta. Shi masunci ne, ya haura saba'in. Wata rana da hutu na ce masa, "Kawu, da kuna yara, yaya kogin nan ya ke da rani?" Ya ce, "Ɗan nan, da rani ai babu kogi. Rairayi ne, da ƙafa mu ke haye shi, sai 'yan gurabe da kifi ke taruwa. Mata su tona yashi su ɗebi ruwa." Na ce, "Yanzu fa?" Ya ce, "Yanzu ba ya cika kamar da, ba ya kuma ƙafewa kamar da." Wannan magana ta fi tsawon shafi goma a wurina. Fari yana iya rage ruwan damina, amma fari ba zai kawo ruwa a watan Maris ba. Abin da ke rage cikar damina ya kuma ƙara ruwan rani, sai abin da ke riƙe ruwa yana saki kaɗan-kaɗan. Jama'are kuwa har yanzu da damina ya ke tumbatsa, da rani ya ja baya. Kowane dalili yana da irin sawun da ya ke bari, aikin mai bincike shi ne ya san sawun kura daga na kare.

Sawun bai tsaya nan ba. Ciyawar nan da mu ke kira kacalla ba ta son wurin da ke bushewa ƙayau, tana son ruwa marar zurfi mai zama shekara. Da ruwa ya daina ƙafewa sai ta sami gida, ta toshe rassan Kogin Haɗeja, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya. Tsohon reshen da ke kai ruwa Gashuwa ya toshe, yawancin ruwan ya karkata Marma, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, tsuntsayen jan-baki kuma suka sami maɓoya suna cinye shinkafa. Wannan ya sa baƙo zai yi mamaki ya ji mutanen ƙasa ɗaya suna kukan rashin ruwa suna kuma kukan ambaliya, kamar wadda ta ci gonaki da gidaje a Jigawa a 2022, lokacin da samarin Haɗeja suka riƙa kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa. Har wa yau, tarihi ya maimaita mana gwajin: a 1992 aka kammala madatsar Calawa, a lokacin da ruwan sama ya fara farfaɗowa daga ƙarancin shekarun 1980. Abin da aka ga ya biyo bayan datsewa sau biyu, sau ɗaya cikin fari sau ɗaya bayansa, ya fi wuyar jingina wa fari.

Masana ba su bar wannan fage ba. A 1987 aka kafa shirin kula da fadamar Haɗeja da Nguru, wanda ya riƙa auna faɗin ruwan da ke malala. A 1993 aka buga littafi a kan fadamar, wanda Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tace. Abin da aka ruwaito shi ne filin da ruwa ke rufewa ya sauko daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000, kuma fari da madatsu duka suna da hannu. Watau dattawan ɓangarorin biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya. A cikin wannan aiki ne Edward Barbier da abokansa suka gwama amfanin ruwa a fadama, noma da su da itacen wuta, da amfaninsa a aikin noman rani na Kogin Kano, suka tarar idan da yawan ruwan da aka sha za a auna, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Ba ina nufin madatsa ba ta da amfani ba. Birnin Kano yana shan ruwanta, tumatir da shinkafar Kadawa da Kura nata ne, haka ma noman ranin kwarin Haɗeja da ke Auyo. Abin da na ke nufi shi ne wanda ya ƙirga buhunan Kadawa bai ƙirga kifin Guri ba, rabin lissafi ya yi.

Sai dai kada mu yi saurin buga tambari. Kwatankwacin gwaji sunansa kwatankwaci, kuma ladabinsa shi ne mai shi ya tona rauninsa da kansa. Jama'are ba tagwayen Haɗeja ba ne. Daga duwatsun Jos ya ke shan ruwa, inda damina ta fi ta Kano tsawo, saboda haka ba lalle ne fari ya buge su da ƙarfi ɗaya ba. Birnin Kano ya ninka kansa cikin shekarun nan, abin da ya ke zuƙa ya ƙaru ko da madatsa ko babu. A cikin fadama ruwan kogunan yana cuɗanya, ta yadda ƙauyen da ka ɗauka na Jama'are ne yana iya shan na Haɗeja. Sa'an nan ba ƙuri'a ce ta zaɓi Kogin Kano ba, an zaɓe shi ne saboda yana kusa da babban birni kuma yana da wurin da ya dace da gini. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar amsa: a auna ruwan saman kowane kogi dabam, a duba ko kafin 1974 kogunan suna hawa da sauka tare, a zaɓi ƙauyukan da ke nesa da mahaɗa.

Wani darasi kuma, sakamakon wata ƙasa ba ya zama hukunci a wata. A 2007 Esther Duflo da Rohini Pande suka wallafa bincike a kan madatsun Indiya. Dabararsu ita ce gangaren kogi: akwai gangaren da ya dace da madatsar ban ruwa, akwai wanda bai dace ba, shi kuwa gangare ba ɗan siyasa ya yi shi ba, saboda haka ya ɗan yi aikin ƙuri'a. Suka tarar gundumomin da ke ƙasan madatsa noma ya ƙaru, talauci ya ragu, a gundumar da aka gina ta kuwa talauci ƙaruwa ya yi. Wanda ya haddace wannan ya zo Haɗeja zai ce ai mu na ƙasa mu muka ci riba. Alhali a wurinmu na ƙasa da malalar ruwa su ke rayuwa, ita kuwa madatsa ta rage. Dabarar bincike tana tafiya ko'ina, amma amsa 'yar gida ce.

Idan aka baro kogi aka zo kan mutane, abin ya fi sarƙaƙiya. A shekarun 1980 injin ban ruwa ya fara maye gurbin jigo a fadamarmu, ga kuma hana shigo da alkama da gwamnati ta yi a 1987, sai noman alkama ya bunƙasa. A ce yau wani ya zo ya tarar masu inji sun fi marasa inji arziki, ya rubuta cewa inji ke kawo arziki. Duk ɗan ƙauye zai yi masa dariya, domin ya san wa ya fara samun inji: mai gona a bakin ruwa, mai shanun sayarwa, wanda ya san bulama. Da ma can sun fi. Maganin wannan shi ne a nemo wa kowane mai inji takwaransa marar inji, wanda gonarsu da iyalinsu da dukiyarsu suka yi daidai tun kafin injin ya zo, sa'an nan a bi su a ga yadda kowa ya canja. Irin wannan hanya Ephraim Nkonya da abokansa suka bi wajen auna shirin Fadama na biyu a jihohi 12, ciki har da Bauchi da Kaduna. Akwai kuma wani tarko: taimako ya kan zo ne bayan mummunar shekara, shekarar da ke bin mummuna kuwa galibi ta kan fi ta ko an taimaka ko ba a taimaka ba. Mai shiri sai ya yi ta murna da abin da damina ce ta yi.

Na san wani zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan? Ai aikin 'yan sashen tattalin arziki ne da na labarin ƙasa. Ni kuwa ina ganin akwai gurbin da mu kaɗai za mu cike. Kwatankwacin gwaji ba ya tsayuwa sai da sanin yadda abu ya ke kafin. Ruwa yana da ma'auni, amma wa ya rubuta yawan kifin da a ke kamawa a ƙauyenmu a 1970, ko inda burtali ya bi, ko watan da a ke girbe shinkafa? Wannan yana cikin kan tsofaffi, da Hausa ya ke, wani da Badanci ko Fillanci ko Barbarci, kuma kullum ana binne shi. Ɗaukarsa kuwa sana'a ce. In ka ce wa tsoho, "Baba, da da yanzu wanne ya fi?" amsa ɗaya za ka samu, domin a wurin kowane tsoho jiya ta fi yau. Amma in ka ce, "Baba, shekarar da aka yi juyin mulkin Murtala, ina ruwa ya tsaya? Ya kai gindin tsamiyar can?" sai ya ba ka abin da za ka iya aunawa da ƙafa. Bahaushe da ma yana da kalandarsa: yunwar Kakalaba ta 1914, 'Yar Gusau ta 1942, shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973. Sunayen wurare ma shaida ne, domin tudun da har yau a ke kira da sunan tafki yana faɗa maka inda ruwa ya taɓa kwana. Sharaɗi dai, tambayar da ka yi a bakin Haɗeja ita za ka yi a bakin Jama'are, da kalmomi iri ɗaya.

Maganar kalmomi kuwa ita ce ta fi damuna. Campbell da Stanley sun yi gargaɗi cewa idan ma'auni ya canja tsakanin awon farko da na biyu, to bambancin da aka gani na ma'aunin ne. A binciken jama'a kalma ita ce mudu. Ɗauki kalmar ambaliya. A bakin ɗan jarida masifa ce. Amma kakata ba ta taɓa kiran cikar kogi ambaliya ba, cewa ta ke ruwa ya kawo, tana faɗa tana murmushi. Ambaliya a wurinta sai ruwa ya shiga ɗaki. Mai binciken da ya rubuta tambayarsa da Turanci aka fassara masa a gurguje, ya tambayi tsofaffi ko ana yawan ambaliya a da, za su ce a'a, ya koma ya rubuta cewa ruwa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Haka kalmar gida: shin mutanen da ke cin tukunya ɗaya a ke nufi, ko duk wanda ke shiga ta zaure ɗaya? Idan a ƙauye ɗaya an ɗauki ma'anar farko, a ɗayan ta biyu, to ko na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi lissafin, mudu biyu aka yi awo da su. Wanda ya karanci ma'anar kalmomi da karin harshe shi zai hango wannan rami kafin a faɗa.

Abin da ya sa na ga maganar ba ta jira shi ne Kafin Zaki. Lokaci-lokaci a kan ta da zancen ƙarasa ta, masu so suna da hujja, mutanen Yobe da Borno da ke shan ruwan Jama'are su ma suna da tasu. Ba ni da hurumin yanke musu hukunci. Abin da na sani shi ne ranar da aka datse Jama'are, ranar mun rasa kogin da mu ke gwama Haɗeja da shi, kuma ƙauyukan bakinsa za su shiga halin da namu suka shiga a 1974, watau canji ya zo ba wanda ya rubuta yadda a ke kafinsa. Yau kuwa dama tana nan. Duk shekara ɗalibai da dama a sashenmu suna neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai. Me zai hana wasu su ɗauki ƙauyuka biyu, ɗaya a kowane kogi, su tattara sunayen kifaye da kayan su, da kalandar noma, da kalmomin ruwa, da abin da tsofaffi suka tuna, a ajiye a ɗakin karatu da kwanan wata? Aikin Hausa ne tsantsa, kuma bayan shekara ashirin shi zai zama awon farko ga mai bincike da ba a haifa ba tukuna.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su sa wannan cikin abin da za a tattauna a Makon Hausa mai zuwa, a gayyato 'yan sashen labarin ƙasa mu zauna tare, su kawo taswira mu kawo kunne. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka, amin.